Fenti Tara

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2019, gari ya waye da yayyafi mai naci. Injiniya tana tsaye a gindin bututun hayaƙi na asibitin, riƙe da lema. Ba ta taka tsani ba. Duk abin da masu walda suka yanko a sama, sai su zuro mata shi da igiya.

Aikin yana buƙatar lallami. Tukunyar tururi ɗaya aka kashe, ɗayar tana ta aiki, domin ba za a tsayar da ɗakin wanki da wurin dafa kayan tiyata ba. Tagogin ɗakin yara kuwa suna daura da bututun.

Wajen ƙarfe goma aka sauko da gaɓa ta uku ta bututun. Da ta dira ƙasa sai ta dare biyu. Kunkunniya jiƙaƙƙiya ta malalo kamar kwata, da gashin tattabaru, da ƙasusuwa, da wani sabon mushe mai motsi da tsutsa. Warin ya doki Injiniya har maƙogwaro. Ta toshe hanci da gefen mayafi, yawu ya cika mata baki.

Heluma, shugaban 'yan kwangila, ya zura ɗan yatsa cikin ƙarfen, ya ɓulla ta baya. Tsatsa ta cinye shi ta gefen da ke kallon tagogin.

“Hajiya, zo ki ga abin takaici.” Ya kankare 'yar ƙofar dubawa da wuƙa yana ƙirgawa. Fenti tara, wani kan wani, babu wanda ƙusa ta taɓa fasawa. “Shekara tara ba a buɗe ta ba. Amma ga takardu a ɗakin tukunya, kowace shekara wani ya yi ɗan jagwalgwalonsa da koren biro, wai ya hau ya duba, lafiya lau. Yaran mutane na shaƙar wannan! Da hannuna zai kai gare shi, da cokali zan ba shi wannan ƙazantar.”

Injiniya ta ɗaga kai. A sama wata nas tana rufe taga, wani yaro yana tari a bayanta.

Manajan asibiti ya tare ta a baranda. Dokar a fili take: rahoton da ya kama sunan mai dubawa, lasisinsa ya tafi ke nan har abada.

“Ba sai an kama suna ba, Hajiya,” in ji shi a hankali. “Ki ce tsufa ne. Sabon bututu zai hau, magana ta mutu.”

Ta dube shi kamar yadda ta dubi mushen, ta wuce.

Kwana uku tana wanke hannu, warin bai bar ta ba. Ko abinci ta kai baki sai ta ji shi. Ta rubuta rahoton da fentin tara, da hotuna, da cikakken suna. Ta ƙara da cewa mai dubawar tsoron bisa gare shi, bai taɓa wuce matakala ta huɗu ba. Wasiƙar da za ta kai rahoton hukumar lasisi ta yi kwana biyu a jakarta.

Ranar Litinin ta kai ta gidan waya. Ma'aikaciyar ta buga hatimi, ta jefa ta a buhu, ta turo mata takardar rajista. Injiniya ta ciro koren bironta, ta yi ɗan jagwalgwalon da ta yi sau tara a ɗakin tukunya.