Muryar da Ba Ta Ɓata Ba

Barira, tunda yanzu wikin nan ya dawo hannunki, zauna in ba ki wani misali kafin ki taɓa komai. Ni idan na ga mutum ya ga jan rubutu a allo ya hau danne-danne, sai in tsayar da shi, kuma ina da dalili.

An yi wani mutum da ke kula da wikin wani garin masunta, wato shafinsu na intanet. A ciki ake tara tarihin garin da hotuna da muryoyin dattawa, waɗanda aka kwafo daga tsofaffin kaset-kaset. Ta ƙarshen shiga ita ce muryar wani tsohon masunci yana kirarin shiga ruwa. Matarsa ce ta kawo kaset ɗin bayan rasuwarsa, aka kwafa aka mayar mata, da damina ta zo ambaliya ta tafi da shi har da akwatin da yake ciki. Tun daga nan duk Juma'a sai tsohuwar ta tako zuwa ofishin, a kunna mata, ta saurara ta yi wa mijinta addu'a ta koma gida. Duk duniya babu inda muryar nan ta rage sai cikin wikin.

Wani ɗan sikirif ne, wato 'yan layukan umarni, ke zuwa ma'ajiya ya ɗauko murya ya ɗora a shafi. To sai aka sabunta manhajar wikin, sabuwar kuma ba ta barin sikirif ya yi yawo yadda ya ga dama. Killace shi take yi a wani ɗan ɗaki don kada ya yi ɓarna, ba ya ganin komai sai abin da aka miƙa masa ta ƙofa. Mutumin bai kula da wannan ba. Abin da ya sani shi ne a makon ya yi shara, ya goge tarkacen fayiloli masu yawa. Ranar Laraba da hantsi ya buɗe shafin tsohon masuncin, sai ga jan rubutu: ba a sami fayil ba. Ya sake lodawa, ya canza sunan folda, ya ƙara wannan ya rage wancan, jan rubutun na nan daram. Ya umarci sikirif ɗin ya lissafo abin da ke gabansa, amsa ta dawo fayau, ko fayil ɗaya babu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tunanin sharar nan kaɗai ya cika masa kai. Yana ganin fuskar tsohuwar a ransa, yana jin yadda garin zai ɗauka cewa shi ne ya ƙarasa abin da ambaliya ta bari. Tsoro ya hana shi kiran kowa, don kiran yana nufin ya faɗa da bakinsa.

Sai ya tuna akwai kwafin ajiya na bara. Ya ce a ransa gara a ceto rabi da a rasa duka. Da zai dawo da shi, na'ura ta gargaɗe shi cewa wannan zai shafe duk abin da ke ma'ajiya yanzu. Shi kuwa a ganinsa me ya rage da za a shafe? Ya danna. Da aka gama ya buɗe shafin wani dattijo wanda ya tabbata muryarsa na cikin kwafin bara. Jan rubutun nan dai ya sake fitowa, harafi ɗaya bai canza ba.

A nan ne ya tsaya ya yi tunani. Idan fayil yana nan kuma ana cewa babu shi, ashe tun farko ba ɓacewa aka yi ba. Sai a lokacin ya rubuta layi ɗaya tak, wanda ya kamata ya fara da shi, ya tambayi sikirif ɗin a ina yake tsaye. Ya amsa masa da sunan wani ɗaki na wucin gadi da mutumin bai taɓa ji ba. Kwatancen zuwa ma'ajiya da ya rubuta wa sikirif ɗin tun da daɗewa daga ƙofar gida yake farawa, ɗan aiken nasa kuwa, wato sikirif ɗin, an kulle shi a wani ɗakin daban, yana bin kwatancen yana cin karo da bango. Ɗakin da ya gani fayau ma ɗakin killacewa ne, ba ma'ajiya ba. Ya ba sikirif ɗin izinin ganin foldar muryoyin, ya rubuta cikakkiyar hanya tun daga tushe, muryoyin dattawa suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta tsohon masuncin ce kawai babu, domin bara ba a kawo ta ba tukuna. Da safen nan tana nan lafiya lau, shi ya binne ta da hannunsa.

Ranar Juma'a tsohuwar ta zo kamar kullum, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a kujerar da ta saba. Ta gyara mayafi ta ce, "Ɗana, kunna mini shi."

Ba zan gaya miki abin da ya ce mata ba, don ban sani ba, kuma ba na son in sani. Ke dai duk ranar da allo ya ce miki babu, kada ki taɓa maɓallin da ke shafewa. Ki fara tambayar ɗan aikenki inda yake tsaye, in kin rasa gane amsar ki kira wani, ko da kunya za ta kashe ki. Hausawa sun riga sun gama magana: matambayi ba ya ɓata.