Sunan da Inna Ba Ta Kira

"Yatsa kawai za ki dangwala, Inna," in ji Hayatu. "Bankin nan na Legas ba ya intabiyu sai da takardar rantsuwar haihuwa. Jibi mota za ta tashi daga Jimeta."

Wata guda ya yi yana haddace amsoshi kan hannun jari, ga digirinsa na Zariya a jaka.

Inna ta janye hannunta cikin mayafi.

"Ba zan rantse kan ƙarya ba, ɗan nan. Hayatu yayanka ne. Ƙyanda ta ɗauke shi saura mako a buɗe makaranta. Sunansa ya riga ya shiga littafin 'yan makaranta na En'e, ga dogari a bakin ƙofa ya zo tafiya da shi. Babanka ya miƙa ka a madadinsa, kana da shekara huɗu."

Shekara ashirin bai ji ta kira sunan ba, yana zaton kunyar ɗan fari ce.

"To ni fa, mene ne sunana?"

"Bappayo," ta ce a hankali, kamar mai tashin mai barci.

Ya ninke takardar.

"Kada ki rantse, Inna. Haka zan tafi, in gaya musu mu biyu muka zo neman aikin."