Koren Tozali

Tun da likitoci suka gano ganin mace na dushewa idan sinadarin jikinta ya ja baya, asibitoci ke raba koren tozali ga duk matar da al'adarta ta ɗauke. Yana tsare ido, amma wadda ta fara sa shi ta yi sallama da haihuwa, kuma kowa zai gani a fuskarta.

Sahura ba ta taɓa haihuwa ba. An ba ta nata tun kafin azumi, ta ɓoye a ƙasan adaka.

Da hantsi mijinta Tanimu ya same ta tana tsintar shinkafa, tana barin tsakuwa a ciki. Ya zauna gefen tabarma, tandun tozalin na hannunsa.

"Sahura, jiya a zaure da sunan ƙanena kika gaishe ni."

"Malam, watanni kaɗan ne ban ga jini ba. Wa ya sani ko rabo ne?"

"An auna, an ce ba shi ba ne." Ya buɗe tandun. "Ɗa dai na haƙura tuntuni. Amma ki daina ganina, wannan ba zan iya ba."

Ta yi kukanta ya ishe ta, sannan ta ɗago fuska. Ya zizara mata tozalin.

"Yanzu duk unguwa za a sani," ta ce.

Tozalin ba ya yi wa maza komai. Tanimu ya rambaɗa wa idonsa, ya ɗauki hula ya fita kasuwa.