Waken Oga Bernard

Nazeefa na juya taliya a kan rishon lantarkin da ta ɓoye ƙarƙashin teburinta, sai ga Oga Bernard, daraktan da ya haramta girki a ofis, tsaye bakin ƙofa yana shaƙar iska.

"Biyo ni."

Ta kashe rishon ta bi bayansa. Ko wata uku ba ta yi da samun aikin nan ba!

Suna shiga ofishinsa ya murza makulli, ya buɗe kabad ɗin fayil. Ga nasa rishon, ga tukunyar wake tana ta ɓararraka.

"Madam ta tafi Jos," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tun safe ya ƙi nuna."

Nazeefa ta haɗiye dariya.

"Kanwa yake so, ranka ya daɗe. Akwai a durowata, sai dai fa ka hana girki."