Wuƙar Kawu Dadkarim

Tabish ya sauke kulkin kashe kifi a hannun Kawu Dadkarim, matuƙin jirgin, ƙashi ya ce ƙas, wuƙar tsohon ta faɗa teku.

Awa huɗu Tabish yana kokawa da ƙaton kifi mai dogon baki, can nesa da gaɓar Karachi, da zare siriri kamar gashi. Dokar gasar kuwa, idan wani ya sa maka hannu, kifin ya tashi a banza. Sai da ya jawo shi jikin jirgi, igiya mai kauri da ke riƙe da ƙugiyar da ke bakin kifin ta zubo ciki, sannan tsohon matuƙin ya taso da wuƙa.

"Wa ya saye ka, tsohon banza?" Tabish ya ƙara masa ɗaya a baki. "Shekara tara ina neman kifin nan."

Dadkarim ya tofar da haƙori. "Yallaɓai, wuƙar nan ita kaɗai ce a jirgin."

"Sai me?"

"Dubi ƙafarka."

Igiyar ta naɗe masa idon sawu har sau biyu. Tabish na sunkuyawa zai warware, kifin ya juya kai ya nufi ƙasan teku.