Nakatayin Habibullah

"Dogon nakatayi za mu sa wa angon, ko guntun nan mai kama da malam-buɗe-littafi?" Manu mai shago ya tambaye ni.

Na ce dogon. Habibullah ya taɓa ce min guntun zai mai da shi kamar mai raba abinci a otal, lokacin muna tsara yadda zai sa kwat ranar dinarmu a Gumel.

"Ja ko baƙi?"

"Ruwan toka. Ba ya son abin da zai ja ido."

Manu ya gwada, ya hau da kwat ɗin. Na ce ya ɗan sassauta, kar ya shaƙe shi.

"Amarya, ai da kin zo da shi ya zaɓa da kansa."

Tun ranar da ya hau mota a Maigatari zai tafi Libiya neman na lefe, ban ƙara jin muryarsa ba. Abokan tafiyarsa sun dawo, duk wanda na tambaya sai ya sunkuyar da kai.

Manu ya matsa linzamin kwamfutarsa, ya jawo hotona kusa da tsohon hoton Habibullah da ya ɗora wa kwat.

"Guda nawa zan wanke? Na kalandar biki ne?"

"Ɗaya," na ce. "Ƙarami, wanda zai ɓuya a ƙasan akwati. Asabar za a kai ni gidan wani."