Maganin Aman da Uwar Auta Ta Sha

"Riƙe mata kai, Malam," in ji likitar ido.

Na riƙe kan 'yata Auta, likitar tana haska mata fitila. Shekarar yarinyar tara, ba ta taɓa ganin fuskata ba.

"Akwai wani sinadari a jiki, enzayim muke ce masa. Shi ke taimaka wa idon jariri ya haɗe tun ciki bai kai wata biyu ba. Nata bai yi aikinsa ba, sai tsaga ta rage."

"Na sani," na ce. "Uwarta ce ta sha maganin amai a lokacin, ba da izinina ba."

Haka na gaya wa dangi. Haka na riƙa goranta wa marigayiyar har ranar da aka fitar da ita a makara, ba ta taɓa musa mini ba. Har yau in na shiga ɗakinta, shirun nan nata nake tararwa.

Likitar ta dube ni. "Zauna nan."

Ta daɗe tana leƙa idona na hagu, sannan ta kashe fitilar.

"Ba maganin amai ba ne, gado ne. Ga tsagar nan a bayan idonka. Taka ƙarama ce, shi ya sa kake gani."

Ina nan zaune, Auta ta laluba ta kamo hannuna.

"Baba, ai Umma ta sani. An duba nata idon, aka ce ta kawo ka. Ta ce mu ƙyale ka, ita za ta iya ɗaukar laifin, kai ba za ka iya ba."